Mazagin Wandon Malam Ɗayyabu

Wani mutum ne a unguwarmu a Funtuwa, Malam Ɗayyabu, wanda in ka ce masa ka ga giwa, zai ce maka ai a hannunsa ta girma. Ba wai yana yi don ya cuce ka ba ne. A'a. Jikinsa ne kawai ba ya jure a ce wani ya fi shi sanin abu, ko da kuwa zafin naƙuda ne.

Allah ya ba shi 'ya'ya biyar, na ƙarshen 'yan biyu ne. Ya ba shi mata mai haƙuri, Saude. Sannan ya ba shi tumbi. Ba irin tumbin nan na 'yan koyo ba. Tumbi ne da yake riga shi shiga ɗaki, ya samu wuri ya zauna, kafin mai shi ya gama sallama. In ya hau babur, tumbin ne a kan tanki yana tuƙi, shi yana can baya kamar fasinja.

To wata rana ya je asibiti aka auna jininsa. Likita ya dube shi sama da ƙasa ya ce in yana son ya ga auren 'yan biyun nan, ya rage jiki. Kowa ya je wajen likita da magani yake dawowa. Malam Ɗayyabu da lacca ya dawo.

Majalisarmu a ƙofar shagon Haladu take, bayan la'asar. Haladu ɗan kawun Ɗayyabu ne, taubashinsa ke nan, don haka duk abin da ya ga dama yana faɗa masa, ba mai cewa ya yi rashin kunya. Ranar Ɗayyabu ya zo ya zauna, benci ya ce ƙiiii, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba marasa lafiya.

"Ku matsalarku," in ji shi, "kun ɗauka rage ƙiba sai an je an ɗaga ƙarfe ana nishi. Ina mai iyali ya ga wannan lokacin? Ni da yara biyar, ga ofis? Dabara ce kawai. Ƙananan abubuwa, amma kullum."

Haladu ya ce, "Ɗan gwaggo, yaushe ka fara?"

"Jiya."

"Har ka zama malami?"

"Wanda ya gane abu ai ya gane."

Kuma ku ji, maganar tasa ba ta da aibu. Duk abin da ya faɗa, haka likita ya faɗa masa. Wajen aikatawa ne aka ɗan samu bambancin fahimta.

Ya ce mai iyali ya daina kai yara makaranta a babur, ya taka da su a ƙasa. Kuma yana takawa, ni shaida ne. Da safe za ka ga ya fito gaba, yara uku a bayansa cikin yunifom, yana gaishe da mutane da ƙarfi don kowa ya gan shi. Can baya ga Saude, goye da Hassana, rungume da Usaina, tana biye da su da kwanon abincin da wani ya manta. Suna isa kwanar mai ƙosai sai ya tsaya ya dafa goshi.

"Af! Saude, tunda kin riga kin fito, ƙarasa da su. Akwai wani abu da zan duba a nan."

Abin da zai duba yana cikin kasko. Makarantar kuwa tana can bayan layin dogo, sai ka hau tudu ka gangara. Saude ce take hawa, ita ce take gangarawa, ta dawo, da rana ta koma ɗauko su.

Ya ce a riƙa cin abinci a ƙaramin faranti, wai ido ne yake jin yunwa ba ciki ba. Ya sayo wani ɗan faranti, irin wanda ake ɗora kofin shayi a kai. A ciki yake cin tuwonsa, loma uku ya cinye, ya yi hamdala da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji. Amma a ranar ya kafa dokoki biyu a gidan. Ta farko, a riƙa cika wa yara kwano domin girma suke yi. Ta biyu, ba a zubar da abinci a gidansa, almubazzaranci ne. To Hassana da Usaina, da haƙoransu gaba ɗaya ba su cika cokali ba, kowacce sai a dire mata malmala biyu. Su tsakura su tashi. Sai ka ga uban ya jawo kwanukan ɗaya bayan ɗaya yana girgiza kai.

"Yaran zamani ba su san darajar abinci ba. Ni ne dai kullum a wahale."

Akwai kuma ruwan ɗumi da lemon tsami da sassafe. Wannan bai taɓa fashi ba. Yana shanyewa sai ya bi shi da shayi mai kauri, da burodi, da ƙwai. Ya ce ruwan ɗumin ya riga ya share hanya, duk abin da ya biyo baya wucewa kawai yake yi.

Aka ɗauki lokaci ana haka. Rannan Haladu ya ƙare masa kallo ya ce, "Ɗan gwaggo, ni fa ban ga abin da ya ragu a jikinka ba sai gashin kai. Ga sikeli nan a cikin shago, hau mu gani."

"Ni masara ne? Sikelin da kake cutar mutane da shi?"

Daga ranar ba mu sake ganinsa da kaftani zalla ba. Kullum babbar riga, a tsakiyar bazara, lokacin da ƙadangare ma yake neman inuwa. In an tambaye shi sai ya ce tun da kitse ya tafi, sanyi yake ji. Yana faɗa gumi yana ɗiga daga haɓarsa.

Amma babbar riga ɓoyewa kawai take yi, ba ta ba da shaida. Shi kuwa shaida yake nema. Can sai ga shi ya zo majalisa yana murmushi. Ya sa hannu ta gefen riga, ya lalubo bakin mazagin wandonsa, farar igiyar nan da ake zura wa wando a ɗaure a ƙugu, ya fito da shi.

"Kun ga wannan? Shi ne dai mazagin da nake sawa tun bara. Da, da ƙyar bakinsa biyu suke haɗuwa in ƙulla. Yanzu ku dubi saura."

Muka duba. Lallai akwai saura, ya kai tsawon yatsa.

Bayan kwana biyu saura ya kai tafin hannu. Aka jima ya kai kamu guda. Kafin a ce haka, mazagi yana reto har gwiwa, sai ya naɗe shi ya cusa a aljihu. Mutane suka fara yarda. Har daga wasu layukan ake zuwa a gani. Shi kuma ya samu abin faɗa, kullum sai ya maimaita:

"Ni yanzu in ba don mazagin nan ba, wandona da kansa zai sauka ƙasa. Ba abin da zai riƙe shi. Ba ƙugu, ba komai."

Abin da ba mu sani ba a lokacin shi ne yadda mazagin yake tsiro. Ashe Malam Ɗayyabu ya zare shi ne ya yanka shi biyu a tsakiya, ya ƙulla wata igiya tsakanin gutsattsarin, ya mayar cikin wando. Ƙarin yana ɓoye a cikin ɗinkin ƙugu, fararen bakunan suna waje. Duk lokacin da yake son ya ƙara ramewa, sai ya ƙara igiya. Ga shi tumbin ma ba a zaune yake ba, shi ma kullum sai ya ci nasa kason, don haka ƙarin sai ya zama ninki.

Igiyar kuwa ba saye yake yi ba. A tsakar gidansa akwai igiyar shanyar Saude, shuɗiya, ta roba, daga bakin ɗakin girki har jikin bishiyar darbejiya. Duk macen da take da yara biyar ta san wannan igiyar ita ce rabin rayuwarta. Yunifom, ɗan kamfai, zanin goyo, kullum a cike take. To sai Saude ta ga igiya tana gajarta. Yau ta kai darbejiya, gobe ba ta kai ba. Ta matsar da ƙusa. Ta sake matsarwa. Ta tsare yara da tambaya, suka yi ta rantsuwa. Ta yi wa akuyar maƙwabta Allah ya isa.

"Malam, igiyar shanyata fa ƙarewa take yi."

"Rana ce," in ji shi, ko ɗago kai bai yi ba. "Roba in ta sha rana ƙanƙancewa take yi. Wannan ai kimiyya ce."

Sai ta koma ɗaukar jiƙaƙƙun kaya a bokiti tana kaiwa gidan yayarta a can ƙarshen layi ta shanya, da yamma ta koma ta kwaso. Ga zuwa makaranta, ga goyo, ga daka, ga shara. Abincinta kuwa sai abin da ya tsira daga dokar hana almubazzaranci, kuma ba abin da yake tsira. Zaninta ya fara zagaye ta har ya yi saura. Awarwaronta ya fara gangarowa har gwiwar hannu. Matan layi suna tambayarta ko lafiya. Mijin ne kaɗai bai gani ba, don shi in yana lacca sama yake kallo.

"Ke kina da misali a cikin ɗakinki," yake ce mata, "amma ba kya koyi. Kullum ba ki da lokaci, ba ki da lokaci. Ni lokacin a gona nake noma shi?"

Ta ce, "To, Malam."

Labarin mazagi ya kai kunnen Malama Hansatu, shugabar makarantar su yaran. Ta aiko masa cewa ranar taron iyaye ya zo ya yi wa jama'a bayanin yadda mai iyali zai rage ƙiba ba tare da ya bar hidimar gidansa ba. Kuma a ranar ne za a zaɓi sabon shugaban ƙungiyar iyaye. Wannan kujera Malam Ɗayyabu ya daɗe yana mafarkinta. Shugaban iyaye shi ne yake zama a babban tebur duk ranar da aka yi taro, a kira sunansa a lasifika da duk laƙabinsa, kuma shi ake fara miƙa wa faranti. Ya lissafa ya ga in ya yi laccar nan ya nuna mazagi, ba mai ja da shi.

Ya ce wa Saude, "Ke ma ki shirya. In na zo wajen masu taurin kai zan ce ki miƙe a gan ki, don a ga bambanci."

Ta dube shi, ta dubi tulin wankin da yake gabanta.

"To, Malam."

Da safiyar ranar taron, tana can kai yara, ya ɗauki reza ya je ya yi wa igiyar shanya yankan ƙarshe. Abin da ya bari bai wuce na shanya safa ƙafa ɗaya ba.

Taro ya cika maƙil a farfajiyar makaranta. Maza a dama, mata a hagu, an kafa rumfa, an jawo lasifika. Mu 'yan majalisa muka samu benci a gaba, don ba a ba mu labari. Malam Ɗayyabu ya hau dandamali cikin babbar riga mai aska, ta sha sitaci, yana tafe tana ƙara kamar ana taka busasshen ganye.

Ya karɓi abin magana. Ya yi bayanin tafiyar ƙasa. Ya yi na ƙaramin faranti. Ya yi na ruwan ɗumi. Ya ce uban da ya ce ba shi da lokaci malalaci ne, uwar da ta ce yara sun hana ta kuwa ta fi shi lalaci. Ɓangaren mata ya yi tsit, irin shirun da mai hankali yake jin tsoronsa. Shi ya ɗauka natsuwa ce.

"Yanzu zan nuna muku shaida, kafin in nuna muku misalin mai taurin kai daga cikin gidana."

Ya sa hannu ta gefen riga ya zaro mazagi daga aljihu, ya sake shi. Ya warware, warrr, har ya taɓa ƙasa. Wuri ya ɗauka: "Kai! Masha Allah!" Wani dattijo har da tafi.

Sai Haladu ya miƙe.

"Ɗan gwaggo, na baya ba su gani ba. Kuma ai a ɗaure yake. Kwance shi in riƙe maka baki ɗaya, a ga tsawon sosai."

"Kai Haladu, ka san in na kwance, wandon nan faɗuwa zai yi. Ga iyaye mata."

"Ka riƙe wandon da hannu ɗaya mana. Ko akwai abin da kake tsoro ne?"

Da Haladu ya tsaya a maganar farko, da an rabu lafiya. Wannan ta biyun ce ta kashe Malam Ɗayyabu. A gaban jama'a a ce yana tsoro? Ranar zaɓe? Ya kwance ƙulli, ya damƙe ƙugun wando ta cikin riga da hannun hagu, abin magana a hannun dama.

"Ja a hankali," ya ce, ya manta lasifika tana ji.

Haladu ya kama baki ɗaya ya fara ja da baya. Fari. Ya ƙara taku. Fari. Mutane suna ta kabbara. Ya ƙara taku, sai aka ji ɗas, wani ƙulli ya fito. Bayan ƙullin kuwa ba fari ba ne. Shuɗi ne. Roba.

"Ya isa!" in ji Ɗayyabu. "An gani! Ya isa haka!"

"Wallahi ban gani ba," in ji Haladu, ya ƙara ja.

Ɗas, wani ƙullin. Shuɗi. Ɗas, wani. Shuɗi. Haladu ya sauka daga dandamali, ya wuce bencinmu, ya wuce layi na biyu, igiya tana ta fitowa kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi.

Daga ɓangaren mata aka ji wata murya, ba da ƙarfi ba, amma ta isa ko'ina.

"Igiyar shanyata."

Saude ce. Ta miƙe tsaye ba tare da an ce ta miƙe ba, goye da Hassana, siririya kamar ba ita ta haifi biyar ba.

"Malam! Igiyar shanyata ce! Wadda ka ce rana ce take shanye ta!"

Nan fa Malam Ɗayyabu ya saki wando ya kai hannu zai cafke igiya. Ya makara. Haladu ya riga ya fizga. Ɗaya farin bakin ya shige cikin ƙugu, ya zagaya ta baya, ya fito ta ɗaya gefen, sululu, ya faɗi a ƙasa. Mazagi ya fita gaba ɗaya. Malam Ɗayyabu yana tsaye, hannu ɗaya da abin magana, ɗaya a iska, ba abin da yake riƙe da wando.

"Innalillahi!" Mata suka rufe fuska da mayafi. Malama Hansatu ta juya ta fuskanci bango. Dattijon nan mai tafi ya sunkuyar da kai. Kowa ya tuna abin da aka daɗe ana faɗa mana: ba ƙugu, ba komai.

Aka jira.

Shiru.

Na buɗe ido ɗaya na dubi ƙasan babbar riga. Ga ƙafafun wando nan a inda suke, cak, ko motsi ba su yi ba. Wandon mazagi fa, wanda tela yake yanka ƙugunsa da faɗin da mutum biyu za su shiga. Ashe Malam Ɗayyabu ya cika shi tam, ba wurin da iska za ta bi.

Shi ma ya gane. Na ga fuskarsa lokacin da lissafin ya zo masa: yanzu abu ɗaya ne kaɗai zai cece shi, wandon ya faɗi. Jama'a, tun da nake a duniya ban taɓa ganin magidanci, mai 'ya'ya biyar, yana roƙon Allah wandonsa ya faɗi a gaban mutane ba sai ranar. Ya ja numfashi ya shanye ciki. Wando yana nan. Ya ɗan girgiza ƙugu hagu da dama, kamar mai koyon rawa a ɓoye. Wando yana nan. Ya ɗaga dunduniya ya dire da ƙarfi, dandamali ya ce gum. Wando ko gezau. Idanunsa suka fito, jijiyar wuya ta tashi, numfashi ya ƙare masa. Ya sake shi a bakin abin magana, lasifika ta ce fuuuuuu, har tsuntsayen kan rumfa suka watse. Tumbi ya dawo mazauninsa, babbar riga ta yi gaba.

Dariyar daga ɓangaren mata ta fara, sannan ta ci rumfar gaba ɗaya. Wata ta faɗo daga kujera. Haladu ya durƙusa yana dukan ƙasa, igiya naɗe a wuyansa.

Malama Hansatu ta juyo tana share hawaye, ta karɓe abin magana daga hannunsa ta miƙa wa Saude.

"Maman 'yan biyu, ke muka ga kin rame. Don Allah ki gaya wa mata dabarar."

Saude ta gyara goyo ta ce, "Ni ban san wata dabara ba, Malama. Ki dai samu mijin da zai riƙa yin laccar, ke ki riƙa yin tafiyar."

Zaɓe kuwa, ko sunansa ba a kira ba. Wani mai gyaran famfo aka ba kujerar, mutumin da bai ce uffan ba tun da aka fara taro.

Saude ta je wajen Haladu ta miƙa hannu. Ya ce, "Ga ta nan, matarmu, a yi haƙuri, ta sha ɗumi." Ta naɗe igiyarta a gwiwar hannu tsaf, har da fararen bakunan, ta cusa a jaka. Malam Ɗayyabu ya sauko daga dandamali, ya sa hannu biyu ya riƙe ƙugu, wai ko a nan ya rage asara. Ta dube shi a gaban kowa.

"Saki hannunka, Malam, mu tafi gida. Wandon nan yana da mai riƙe shi."